Yawan maƙala ne ma'aunin ƙarfin jami'a a fagen bincike?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar sakandare ce a Gwale. 'Yata ta gama digirin farko a fannin kimiyyar sinadaran jiki, ta dawo daga bautar ƙasa, tana so ta yi digiri na biyu. Ana ta turo mana saƙo a WhatsApp cewa Jami'ar Bayero tana sahun gaba wajen bincike, wai malamanta sun buga dubban maƙalu. Ta yaya ake auna wannan? Kuma in jami'a ta yi suna haka, ko wane sashe ɗalibi ya shiga ya dace ke nan?

Amsa: Malama, barka kadai, Allah ya yi wa yarinya albarka. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, domin amsarta gajera ce: a'a. Jami'a babba kamar kasuwar Dawanau take. A ce kasuwa ta ci yau, ba ya nufin 'yan riɗi da 'yan rogo sun yi ciniki daidai wa daida.

Abu biyu masu ƙidaya suke dubawa. Na farko yawan maƙalun da malaman jami'a suka buga a mujallun da aka yi wa rajista a manyan rumbunan ƙidaya, musamman Scopus na kamfanin Elsevier, wanda ya fara aiki a 2004, da Web of Science. Na biyu shi ne ambato: sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da maƙalar a nasu rubutun. Daga nan aka samo ma'aunin h, wanda wani masanin fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005. In aka ce malami yana da h 10, ana nufin yana da maƙala goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Jerin jami'o'in duniya na mujallar Times Higher Education ta Birtaniya ba ya ma kallon jami'ar da ba ta kai maƙala 1,000 cikin shekara biyar ba, kuma kashi 30 cikin 100 na makinsa daga ambato yake fitowa. Saboda haka shiga jerin ba ƙaramin abu ba ne, kada a raina shi.

Sai dai mudun da ake auna gero ba shi ake auna man gyaɗa da shi ba. Likitoci suna buga gajerun maƙalu da yawa, mutum goma ko ashirin a kan maƙala ɗaya, kuma suna ambaton juna da sauri. Malamin lissafi kan yi shekara biyu a kan maƙala guda, shi kaɗai ko su biyu, waɗanda za su iya karanta ta a duniya ba su cika aji ɗaya ba. Akwai ma wata maƙalar fiziya da ta fito daga CERN, babbar cibiyar binciken fiziya ta Turai, a 2015 ɗauke da sunan mawallafa fiye da 5,000. Duk jami'ar da ke da mutum ɗaya a ciki, ita ma sunanta ya hau. Masu tsara jerin suna ƙoƙarin daidaita wannan bambanci tsakanin fannoni, amma abin da bai shiga rumbu ba tun farko, babu dabarar lissafin da za ta gano shi.

A nan ne abin ya fi taɓa ni. Jami'ar Bayero daga nazarin Larabci da addini da harshe da tarihi ta tsiro: a 1960 aka buɗe ta a matsayin kwaleji a harabar Makarantar Nazarin Larabci, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta. Cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006, aikin shekaru masu yawa, wanda kusan duk mai rubuta kundin digiri a Hausa sai ya buɗa shi. A idon Scopus kuwa kamar ba a yi ba. Haka yawancin abin da ake rubutawa da Hausa ko Larabci.

To ina ake ganin tasirin bincike in ba a lamba ba? Ni a wurina, a abin da ya canza a asibiti ko a gona. Ga misali daga nan cikin gari. Yaro mai amosanin jini, wanda muke cewa sikila, yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun yana ƙarami. Ana iya gano waɗanda suka fi shiga haɗari ta hanyar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura. A ƙasashe masu hali, ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kusan duk wata. Ke ma kin san yadda ake fama kafin a samu leda ɗaya ta jini a nan, balle duk wata har shekaru. Likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da na Asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada maganin sha mai suna haidiroksiyuriya a kan yara 220. Rabi aka ba su miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi miligiram 20. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet Haematology a 2022 ya nuna babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ɓangarorin biyu wajen kare yaran daga shanyewar jiki. Ma'ana, ko da ƙaramin awo, mai sauƙin kuɗi ga iyaye, ana samun kariya. Maƙala ɗaya ce a lissafi, daidai da kowace maƙala. Amma likitan yara a Uganda ko Ghana zai iya ɗaukar ta ya yi aiki da ita gobe.

Akwai irinsu. Farfesa Abdulrazaq Habib ya daɗe yana aiki a kan saran maciji, musamman kububuwa da ke addabar manoma a yankin Kaltungo, da ingancin maganin dafinta. Farfesa Kamilu Karaye ya yi fice a binciken ciwon zuciyar da ke kama mata gab da haihuwa ko bayanta, wanda ya yi yawa a Arewa. A ɓangaren noma kuma akwai cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, da ke sabon mazaunin jami'ar a kan titin Gwarzo, wadda Bankin Duniya ya zaɓa cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Kin ga dai ƙarfin ya taru ne a wuraren da matsalar take a ƙofar gidanmu, ga marasa lafiya ko gonaki a kusa, ga kuma kuɗin tallafi da abokan aiki daga waje.

Dole in faɗi ɗaya gefen. Ƙarin girman malamin jami'a a Nijeriya ya rataya ne a kan yawan abin da ya buga, shi ya sa 'yan kasuwa suka buɗe mujallun bogi a intanet: ka tura kuɗi, a buga maka cikin mako guda, babu masanin da ya duba. An taɓa turo mini saƙon amincewa da wata maƙalata kwana biyu bayan na aika ta, har da kuskuren da na bari a shafin farko. Na janye ta. Wannan cuta ba ta jami'a ɗaya ba ce, ko'ina akwai ta. Don haka in aka ce miki "dubban maƙalu", ki tambaya a waɗanne mujallu.

Game da 'yarki, ta ajiye maganar jami'a gaba ɗaya, ta dubi sashen da za ta shiga. Ta samo sunayen malamansa, ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya a Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalun bincike, kyauta ne. Ta ga wa ya buga wani abu cikin shekara uku da suka wuce, a kan me, kuma ko sunan ɗalibansa yana fitowa tare da nasa. Malamin da ke sa sunan ɗalibi a gaba, wannan yana koyar da bincike. Sannan ta je da ƙafarta ta ga ɗakin gwaje-gwaje. Fanninta na son sanyi da wuta: ta tambaya ko firizar da ake ajiye samfurin jini tana da sola ko janareta, ko ɗalibi ne ke sayen sinadaran gwaji da kuɗinsa, ko malamin yana da tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na waje da zai ɗauki wani abu daga nauyin. Waɗanda ke shekara ta biyu a digirin su ne za su gaya mata gaskiya, ta same su a inuwar bishiya bayan lacca ta tambaye su shekara nawa na gabansu suka yi kafin su kare kundinsu.