Tambayi Likita: Nono Ba Ya Lalacewa Saboda Firgita, da Sauran Amsoshi ga Masu Gudun Hijira

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga mutanen da 'yan bindiga ko ambaliya suka raba da gidajensu, wasu a sansani, wasu a ajin makarantar firamare, wasu a zauren 'yan'uwa. Tun fashewar madatsar Alau da ta cika Maiduguri da ruwa a watan Satumba na 2024, irin waɗannan saƙonni ba su yanke ba.

Tambaya daga Hadejia: Ruwan da muke samu ja ne. Idan na jefa alif ya kwanta ya yi garau, za a iya sha?

Amsa: A'a. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar kwalara. Bayan ya kwanta a tsiyaye, sannan a tafasa har ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs daidai da adadin litar da aka rubuta a jikinta, a jira minti 30. A ajiye a jarka mai murfi, a daina tsoma moɗa da hannu a ciki.

Tambaya daga Anka: Likita, mun gudo da dare, kwana biyu muna tafiya a daji. Jaririna wata huɗu. Tun da muka iso nonona ya ragu, yaron kuma ya fara gudawa. Uwar mijina ta sa na tatsa, ta jefa tururuwa a ciki ta mutu, ta ce firgita ta lalata nonon, in yaye shi. Yanzu madarar gari nake dama masa a fida, kuma maɗigarsa ta faɗa, an shafa masa magani a kai.

Amsa: 'Yar'uwa, kafin komai, ki ɗauki yaron nan ki kai shi wurin ma'aikatan lafiya yau, ba gobe ba. Maɗiga da ta faɗa a jaririn da ke gudawa alama ce ta ruwan jikinsa ya ƙare sosai. Maganin da aka shafa a kai ba ya mayar da ko ɗigo guda. A hanya ma ki riƙa ba shi nono.

Sai mu zo kan nonon. Uwar mijinki jikanta take so, ba mugunta ta yi ba, amma gwajin nan ba ya nuna komai. Tururuwa in ta faɗa ruwan randa ma nutsewa take yi. Firgita da yunwa da doguwar tafiya ba sa mayar da nono guba. Abin da tsoro yake yi shi ne ya riƙe saukowarsa na ɗan lokaci: nonon yana nan a ciki, fitowar ce ta yi jinkiri, yaro ya yi kuka, uwa ta ɗauka babu. Daga nan sai a rage ba shi, kuma a nan ne raguwa ta gaskiya take farawa, domin mama gwargwadon tsotso take haɗa nono. An tsotsa da yawa, ya zo da yawa. An bari, ya ƙafe.

Ko uwar da ba ta ƙoshi tana fitar da nono mai kyau, jikinta ne yake biyan kuɗin. Saboda haka kuɗin da ake kashewa a gwangwanin madara a saya miki abinci da shi: kunun gyaɗa, wake, fura, abin da ya samu, da ruwa mai tsabta duk lokacin da kika ji ƙishi.

Madarar garin kuwa ita ce abin da ya fi tayar mini da hankali. Wadda ake shan shayi da ita ba ta dace da cikin jariri ba. An dama ta da ruwan da ba a tabbatar da shi ba, an zuba a fidar da babu sabulu da wutar dafa ta, ƙuda na bin bakinta. A sansani wannan ita ce hanya mafi kusa daga gudawa zuwa tamowa. Ki jefar da fidar.

Ki mayar da shi mama aƙalla sau 8 zuwa 12 a yini da dare, har da tsakar dare. Ki rungume shi fata da fata a cikin zane, ki sami lungu ki zauna ko da bayan buhu ne. Nonon yana ƙaruwa cikin kwanaki, wani lokaci ya ɗauki mako biyu ko fiye, don haka kada ki karaya a rana ta uku. Idan yana bukatar ƙari kafin nan, ma'aikatan lafiya ne za su ba da madarar da ta dace, a ba shi da kofi da cokali.

Ga gudawar: ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, a zuba leda guda a adadin ruwan da aka rubuta a jiki, mai lita guda ledar ruwan fiya wata guda biyu ke nan. Bayan kowace gudawa a ba shi kwata zuwa rabin kofin shayi, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Wanda ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Sai ƙwayar zinc: rabi, wato miligiram 10, kullum har kwana 10 zuwa 14, a narka a nonon da aka tatsa, wanda ya haura wata shida guda ɗaya cur. Babu kafso, babu Flagyl na kan tire, babu lemon kwalba da gishiri, babu jiƙo. Kuma kada wani ya ce miki haƙori ne. In ido ya zurma, ko ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya saki, ko kika ga jini a kashi, ki koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya daga Maradi: Ƙazuwa ta kama mu duka a ɗaki. An ce baƙin mai yana kashe ta.

Amsa: Baƙin mai na inji ne, Malam, ba na fatar yara ba, ƙona ta yake yi ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. A karɓi man shafawa na ƙazuwa a asibiti, a shafa daga wuya har tafin ƙafa da tsakanin yatsu, kowa a rana ɗaya har wanda bai fara susa ba. Tufafi da zannuwa a wanke da ruwan zafi ko a ƙulle a leda kwana uku zuwa mako. Ƙaiƙayin kan ɗauki makonni kafin ya lafa.

Tambaya daga Jibiya: An auna hannun 'yata ya nuna ja, an ba mu madarar tamowa ta leda. Yayyenta uku ma suna jin yunwa. Laifi ne in raba musu?

Amsa: Na san ba ƙaramin abu ba ne uwa ta hana ɗa tana ba ɗa. Amma ja a ma'aunin nan yana nufin damtsenta bai kai santimita 11.5 ba, kuma wannan yarinyar ce ke bakin haɗari. Ledar magani ce, an lissafa adadinta da nauyin jikinta. In an raba huɗu babu wanda ya warke. Kada a dama ta da ruwa ko a zuba a kunu; ta tsotsa daga ledar, a ba ta ruwa mai tsabta a gefe, in tana shan nono a fara da shi. Ki kai yayyen su ma a auna su. Masu sayar da ita a kasuwa kuma su ji tsoron Allah. In ƙafafunta biyu suka kumbura, ko ta ƙi cin ledar, ko zazzaɓi ya shiga, kwanciyar asibiti ce, kada a jira ranar awo.

Tambaya daga Maiduguri: Ruwa ya tafi da maganin hawan jinina, wata biyu ban sha ba kuma lafiyata ƙalau.

Amsa: Baba, hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki. Ku je a gwada ku a wannan makon a sake rubuta muku. Masu shan maganin tarin fuka, ciwon sukari, farfaɗiya ko ƙanjamau da nasu ya yanke, su kada su ƙara ko kwana ɗaya.

Tambaya daga Mokwa: Macizai sun yi yawa bayan ambaliya. In sun sari mutum a ɗaure wurin a tsaga?

Amsa: Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ba shi fetur. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mai tsaga kuwa ƙofar zubar jini ya buɗe. A cire zobe da awarwaro, a kafa wa gaɓar itace kamar karaya, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Ko da ya ce ba ya jin komai, a kai shi.

Tambaya daga wadda ta nemi a ɓoye garinta: 'Yan bindiga sun yi wa ƙanwata fyaɗe shekaranjiya. Gida sun ce a rufa asiri.

Amsa: Allah ya ba ta haƙuri, ba laifinta ba ne. Rufin asiri bai hana zuwa asibiti ba, ma'aikatan lafiya ba sa yayata irin wannan. Amma lokaci yana ƙurewa: maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na kariya daga ɗaukar ciki cikin kwana 5. Ki raka ta yau, ki nemi ma'aikaciya mace. Ko da waɗannan kwanakin sun wuce a je, akwai raunuka da wasu cututtukan da za a duba, kuma in ta daina barci ko cin abinci, ko ta fara maganar gara ta mutu, kada a bar ta ita kaɗai, a koma da ita nan take.