Ƙanena mai koyon bugun zane, ba hannunka ne da laifi ba

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana shekarar farko a sashen zane, an ba ku aikin sassaƙa lino (faifai mai kama da roba da ake sassaƙa zane a kai, a shafa tawada a buga a takarda), ga jarrabawa ta matso, amma duk takardar da ka ɗaga sai ka ga tawada ta kama nan ta bar can, kuma ba ka samun injin matsawa. Wallahi na san wannan ciwon. Mutum ya kwana shida yana sassaƙa, yatsu duk yanka, ya ɗaga takarda da bismilla, sai ya ga abu dabbare-dabbare kamar bangon da ruwa ya daka. Ka sake shafawa, ka sake dannawa, na biyu ya fi na farko muni. Takardun da ka saya da kuɗin abincinka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abokai suna shanya nasu, kai kana ɓoye naka a ƙarƙashin tebur. A nan ne da yawa ke cewa ba su da baiwa. Don Allah kar ka faɗi haka.

Fara duba tawadarka. Idan mai ruwa ce, ita ce ta cuce ka. A iskar hunturu ta Marua ko Garwa, tana bushewa a kan gilashi kafin ka gama mirgina rulo, wato abin mirgine da ake shafa tawada da shi. Bayanan da ake karɓowa daga 'yan makarantun zane na Fumban da Nkongsamba a kudancin Kamaru daidai ne a wurinsu, don can akwai laima a iska, mu nan babu. Kuma ina jin haushin masu shagon da ke miƙa wa ɗalibi fentin akirilik su ce "duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne, kuma mafi yawansu sun sani. Yaro ya zo da 'yan kuɗinsa, bai san komai ba tukuna, a cusa masa abin da zai bushe a kan linonsa ya toshe masa siraran layuka. Allah ya isa wannan ciniki.

Je wurin masu buga katin biki da kalanda ka sayi tawadar ofset, baƙa, ko cikin ƙaramin gwangwani ne. Ta mai ce, za ta yi awanni a kan gilashi ba ta bushe ba. Idan ta yi tauri, ɗiga mata man lin, wanda masu fentin mai ke amfani da shi, ɗigo biyu ko uku a cokalin shayi ɗaya na tawada. Kar ka kuskura ka sa man gyaɗa a ciki, shi ba ya bushewa, zanen zai yi makonni yana danƙo, kuma mai zai zagaye layukan. Amfanin man gyaɗa wajen wanki ne: goge rulo da lino da shi, sannan sabulu.

Yawan tawada kuma, kaɗan ake so. Shimfiɗa ta a gilashi, mirgina gaba kawai kana ɗaga rulon, har ka ji sauti siriri "sss". In kana jin "caɓ-caɓ" ta yi yawa, za ta cike ramukan da ka sassaƙa. Shafi uku ko huɗu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Sabon lino kuma yana da santsi da maiƙo a fuska, bi shi da takardar yashi mai laushi, lamba 400, ka wanke da sabulu. Bugu biyu na farko kullum suna fita fari-fari, yi su a tsohuwar jarida.

Inji ba dole ba ne. Masu bugun katako na Japan da hannu suke murzawa tun ƙarnuka. Bayan cokalin ƙarfe ko ludayin katako mai santsi ya isa, sai dai takardar ta zama marar kauri, daga giram 40 zuwa 90 a kowace murabba'in mita. Wannan mai kaurin giram 250 ta inji ce, cokali ba zai iya da ita ba, kuma ina kyautata zaton ita kake ta fama da ita. Ɗora wata takarda a sama, murza daga tsakiya zuwa gefe a ƙananan zagaye. Danne rabi da tafin hannu, ɗaga kusurwa ka leƙa. Inda bai kama ba, ƙara murzawa kafin ka cire gaba ɗaya.

Ƙura! Rufe tagogi, yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara. Ƙwayar yashi ɗaya a kan rulo tana barin farin ɗigo mai zobe a kowane bugu. Tawadar mai tana son kwana biyu zuwa huɗu kafin ta bushe, saboda haka kar ka bar bugu sai daren jarrabawa, kuma rataye su a igiya da maƙalen shanya, kar ka jibga su.

Ba ka tambaya ba, amma badi za ku shiga cin ƙarfe da asid, wato asid ya ci zane a farantin ƙarfe don a buga. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, kuma a waje, da safar hannu. In farantin tutiya ne, giram 100 na sulfat ɗin tagulla da giram 100 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa suna ci ba tare da hayaƙin asid ba. Zafin watan Afrilu yana sa cin ya yi sauri, sai ka gwada a guntun ƙarfe tukuna.

In akwai rubutu a zanenka, boko ko ajami, juya shi ake sassaƙawa, duba a madubi kafin wuƙa ta taɓa. Hannun da ke riƙe lino kuma kullum ya zauna a bayan wuƙa. Ka buga fiye da abin da aka nema, in goma ne yi sha biyar, ka zaɓi masu kama da juna, ka sa lamba da fensir a ƙasa ta hagu, 1/10, 2/10. Turo mana hoton gwangwanin tawadarka da bugu ɗaya da ya lalace, a kusa sosai, mu gani ko akwai abin da ya rage.