Tambayoyinku: Mun gudu daga ƙauyenmu, mun yi musun Yesu kenan?

Tambaya: Baba Fasto, sannu da aiki. 'Yan bindiga ne suka shigo ƙauyenmu cikin dare muka kwashi yara muka gudu, yanzu muna raɓe gidan yayata a gari. Wani mai wa'azi ya ce wai mun guje wa rawanin shahada, kuma ai duniya ta zo ƙarshe mu manta da zancen noma mu shirya kawai. Tun ranar bana iya barci. (Wata 'yar'uwa daga Adamawa)

Amsa: 'Yata, sannu, Allah ya ƙara haƙuri. Ki kwanta ki yi barcinki, ba ki yi musun kowa ba. Yesu da bakinsa ya ce in sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani, yana nan a Matiyu 10:23. Bulus ma ai cikin kwando aka zuro shi ta katangar Dimashƙu da dare, ko shi ma matsoraci ne?

Bari in ba ki labarin Polikap, bishop ɗin Simirna, garin da yau ake kira Izmir a Turkiyya, wajen shekara ta 155. Da aka fara tsananta wa Kiristoci ana nemansa, 'yan'uwa suka roƙe shi ya bar gari, ya tafi wata gona ya ɓuya, aka matsa ya koma wata, sai da aka azabtar da wani yaron gida ya faɗi inda yake. Da suka zo kama shi ya sa aka kawo musu abinci, ya roƙi su ba shi lokaci ya yi addu'a. A gaban gwamna aka ce ya zagi Almasihu a sake shi, tsohon nan ya ce shekara 86 yana bauta masa bai taɓa cutarsa ba, ta yaya zai zagi Sarkin da ya cece shi, nan aka ƙone shi. Toh a wannan tsanani akwai wani Kwintus, shi da kansa ya kai kansa har ya zuga wasu, yana ganin namun dajin da za a sakar masa sai cikinsa ya ɗuri ruwa ya yi musun Almasihu. Ikilisiyar da ta rubuta labarin ta ce ba ta yabon masu miƙa kansu. Rabaran Lawan Andimi na Michika da aka kashe a Janairun 2020 shi ma kama shi aka yi, bai je neman mutuwa ba, da ta same shi ne ya tsaya.

Zancen ƙarshen duniya kuwa, gaskiya abin nan yana ɓata min rai. Matiyu 24:36 ta ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. A Amurka an taɓa sa 22 ga Oktoba 1844 a matsayin ranar dawowar Yesu, wasu suka bar amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari ya waye kowa yana nan. Masu zaman jira a Tasalonika Bulus ce musu ya yi wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Shirin da na sani shine ki riƙe addu'a, ki roƙi Allah ƙarfin yafewa duk da na san ba sauƙi, ki sa yaran nan makaranta inda kuke, in kin samu ɗan fili ki yi shuka bana.

Shi kuma mai wa'azin, ki gaya wa dattawan cocinku su zauna da shi, don ba ke kaɗai ya hana barci ba.