Amsa ga yarona a kan gidajen da aka gyara a tsohon garin Agadas

Ɗana, na ji tambayar da ka aiko mini bayan zagayen da ka kai baƙi shekaranjiya, kuma na ga ya fi kyau in rubuta maka amsar a tsanake domin ka riƙa komawa gare ta. Ka ce ɗaya daga cikinsu, wani malamin makaranta da ya zo daga Maraɗi, ya dafa bangon wani gida da aka yi wa sabon yaɓe, ya ce maka ai wannan ginin bara ne, don me za a ce masa garin ya haura shekara 500. Ka ce ka rasa abin faɗa, har ka fara tunanin ko dai ka riƙa kauce wa gidajen da aka gyara, ko kuwa ka riƙa ce wa baƙi duk abin da suka gani na asali ne.

Kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu. Malamin nan gaskiya ya faɗa, yaɓen sabo ne, kuma mai irin wannan tambaya shi ne baƙon da ya fi cancantar lokacinka, domin da idonsa yake kallo, bai dogara ga bakinka kaɗai ba. Abin da ya rage a kanka shi ne ka nuna masa cewa ginin ƙasa yana daɗewa ne saboda ana komawa kansa, kuma da an daina yaɓe shi da tuni ya koma tudu.

Wannan ne ya sa kullum nake fara zagaye daga gindin hasumiyar babban masallaci, kuma ina so kai ma ka riƙa farawa daga nan. Tsawonta mita 27 ne, an gina ta da ƙasa tun wajen 1515, ana danganta ginin ga Shehu Zakariyya, aka kuma sake gina ta a 1844. Ka faɗi shekarun nan biyu tare, kada ka ɓoye ta biyun don gudun kada darajar wurin ta ragu a idon baƙo. Daga nan sai ka ce ya ɗaga kai ya dubi itatuwan da suka fito daga jikinta jere-jere tun daga ƙasa har sama, ka tambaye shi amfaninsu. Galibi sukan ce ado ne. Sai ka bayyana masa cewa suna ƙarfafa ginin, kuma a kansu magina suke takawa idan lokacin yaɓe ya zo, wato waɗanda suka gina ta sun san za a dawo mata, shi ya sa suka bar matakala a jikinta. Wanda ya fahimci wannan a gindin hasumiya ba zai ƙara mamakin sabon yaɓe a cikin lungu ba, kai ma ka huta da dogon bayani a ƙofar kowane gida.

Idan kun shiga unguwanni, ka koya wa baƙo ya raba abu biyu a kowane gini, abin da ake sabuntawa da abin da aka gada. Yaɓe ana sabunta shi, haka indararo, haka azarar goriba idan gara ta ci ta, wani lokaci ma a sauke bango guda a sake ɗora shi. Abin da aka gada shi ne mazaunin gidan, da inda zaure yake fuskanta, da kaurin bango, da ƙanƙantar tagogi saboda zafi da ƙura, da yadda lungu ya karkace ya bi ta bayan wani gida ya fita wani fili. Tsohon garin ya kasu unguwa 11, kuma iyakokinsu ba su miƙe ba domin sun bi sawun wuraren da ƙabilun Abzinawa suka kafa bukkokinsu lokacin da sarautar Abzin ta zauna a nan a ƙarni na 15. Wannan tsari yana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Saboda haka idan baƙo ya ce ka nuna masa abin da ya shekara 500, ka ce masa ya dubi lungun da yake tsaye a ciki, domin lungun ya girmi bangayen da ke gefensa.

Akwai gyaran da ba zan so ka kare ba, ko da mai gidan abokinka ne. Wasu sun gaji da wahalar yaɓe bayan kowace damina sai suka shafe bangon ƙasa da siminti, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, domin ruwa a nan ba ya yawan zuwa, amma idan ya zo ba ya zuwa da wasa, duk wanda ya ga ambaliyar 2009 ya san haka. Sai dai siminti yana kulle danshi a cikin bango, ƙasar ta riƙa lalacewa daga ciki ba a gani, har ranar da ɓawon zai ɓalle ya zubo da rabin katanga. Idan baƙo ya nuna irin wannan bango ya tambaye ka, ka gaya masa dalilin da ya sa mutane suke yi da kuma illar da ke ciki, amma ka jira sai kun yi nisa da ƙofar gidan, saboda mai gidan da iyalinsa suna jin ka daga zaure, kuma da su za ka ci gaba da zama bayan baƙon ya hau mota ya tafi.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi jin tsoro a kanka, wato saurin shiga. Tsohon garin nan mutane ne suke kwana suke tashi a cikinsa, gidan da aka gyara kuma bai zama na kowa ba don an gyara shi. Ka yi sallama ka jira amsa ko da ka shiga gidan sau ɗari, ka bar baƙinka a waje har a ba ka izini, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mace ko yaro sai an yarda. A fadar Sarkin Abzin ka bi ta hannun dogarai, ka sanar da zuwanku tun kafin ranar. A masallaci ka nemi izinin masu kula da shi kafin a hau hasumiya, ka gaya wa baƙi tun daga ƙasa cewa matakalar tana ƙara matsewa yayin da ake hawa, domin mai ciwon gwiwa ko mai tsoron ƙunci ya yanke shawara da wuri, kuma ka kauce wa lokutan salla, ranar Juma'a kuwa ka gama da masallaci tun da hantsi. Abin da baƙo ya bayar don shiga gida ya tafi hannun masu gidan a gabansa, domin da irin wannan kuɗi ake sayen ƙasa da biyan magina.

Gidan Sidi Ka, wanda Faransawa suke kira gidan mai burodi, shi ne wurin da nake daɗewa, kuma a nan tambayar malaminka take samun cikakkiyar amsa. Daga waje ba ka ganin komai sai bango, amma idan aka hau ɗakin sama aka ga zanen da aka fitar da laka a jikin bango da ƙananan gurabun ajiye kaya, baƙi sukan yi shiru. Ka bar su su yi shirun, kada ka cika musu kunne. In sun natsu sai ka tambaye su yadda zanen laka zai kai yau idan rufin da ke kansa bai samu mai toshe masa yoyo ba. A gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, lokacin da yake tafiya da sunan Abdulkarim, ka taƙaita, domin abin gani kaɗan ne, labarin ne mai yawa, kuma ana iya ba da shi ana tafiya. Haka ma labarin Kawsan, jagoran tawayen Abzinawa, da Tagama, Sarkin Abzin na lokacin, da ƙawanyar da aka yi wa barikin Faransawa daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, wanda garin ya sha wuya ƙwarai a bayansa. Ka ba da shi da nauyinsa, ka tuna cewa jikokin waɗanda abin ya shafa suna zaune a kan dakalin da kuke wucewa.

Ka ce baƙin yanzu ba su kai na zamaninmu ba, kuma haka ne, tun bayan tashin hankalin tawayen Abzinawa na 2007 Turawa suka ja baya. Waɗanda nake samu a 'yan shekarun nan yawanci namu ne, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Yamai da Damagaram da Tawa, wani lokaci har daga Katsina da Kano. Da yawansu a gidan ƙasa aka haife su, sun san tubali, sun san yaɓe, wasu ma sun taka laka da ƙafarsu suna yara, don haka ba za ka iya ruɗinsu da zancen asali ba. Ka tambaye su yadda ake yi a garinsu, za ka ji wani ya kawo maka zancen makuba, wani ya kawo na ganuwar Kano ko Birnin Damagaram, sai zagayen ya zama hira, kai ma ka ƙaru.

Abu guda nake so ka yi kafin ka sake ɗaukar baƙi. Akwai maginin da yake aikin wani bango a unguwar Katanga, kusa da fada, na riga na yi masa magana ya kuma amince. Ka je wurinsa gobe bayan asuba, ka yi kwana uku kana miƙa masa laka, ka tambaye shi inda ake ɗebo ƙasar, da abin da ake cuɗa ta da shi, da kwana nawa ake barin ta ta jiƙa kafin a ɗora, ka kuma kula da yadda yake gane bangon da zai jure da wanda dole a sauke. Ka tafi da tsofaffin kaya da ruwan sha, kuma idan ka samu lambar malamin nan na Maraɗi, ka kira shi bayan ka gama, ka ba shi amsar da ka rasa rannan.