Ƙaramin kicin da kayan lantarki: wanne zai shiga, wanne zai tsaya waje?

*Wata uwa daga Mabera ta rubuto: "Ɗiyata za ta tare bayan Babbar Sallah. Kicin ɗin gidan mita 2 ne faɗi, tsawo mita 2 da rabi. Na yi niyyar firji, firiza, babban murhun gas mai obin da na'urar ɗumama abinci. Mi za ni rage?"*

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kafin ki biya ko sisi, a aika da tef ɗin awo gidan, a auno bango huɗu, faɗin ƙofa, da inda taga, famfo da soket suke. A ji kuma ko ƙofar ciki take buɗewa ko waje, don mai buɗewa ciki kan cinye wurin da firji zai tsaya.

Ga lissafin. Kantar girki zurfinta santimita 60 ne, tsayinta 85 zuwa 90. In aka jera ta a dogon bangon mai santimita 250, wurin wanke-wanke zai ɗauki kamar 80, murhu 60, wurin yanka da ajiye tukunya 60. Saura 50. Firji mai ƙofa biyu faɗinsa 55 zuwa 60 ne, ban da iskar da yake buƙata, don haka ba zai shiga ba. Ko da an matsa an cusa shi, zai kasance kafaɗa da kafaɗa da murhu, wanda shi ne wuri mafi muni gare shi. Kada kuma kafinta ya yi kanta mai 60 a ɗaya bangon, domin hanyar tsakiya za ta koma 80, mutum biyu ba za su gifta juna da tukunya mai zafi ba. A can a yi kanta mai zurfin 30 har kusa da rufi, ta kuloli da kwanuka, nauyaya a ƙasa.

Shawararmu ita ce firji ya fita kicin, ya zauna a falo ko lungun da rana ba ta bugu. Wasu na ganin hakan kamar an rage wa jere kwarjini, amma firji ba ya yin sanyi sai ya fitar da zafi ta baya ko ta gefensa. A Sakkwato cikin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ƙaramin kicin da ake tuƙa tuwo a ciki kuwa ya fi haka. Injin zai yi ta aiki ba hutu, ruwa ya ƙi sanyi, a ce gas ɗin firjin ya ƙare, alhali iska ce ba ta isa ba. A bar masa santimita 10 ta baya, 5 a kowane gefe, kada a ɗora kwali ko a lulluɓe shi da mayafi don ado. In hunturu ya wuce a cire filogi, a kakkaɓe ƙurar da ta taru a bayansa.

A wurin saye, ki sa a juya miki firjin ki karanta takardar da ke manne a baya. Akwai layin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure: N digiri 32, ST digiri 38, T digiri 43. Garin nan na T ne. Yawancin tokunbo daga ƙasashen sanyi N ko SN (shi ma iyakarsa digiri 32) ne, shi ya sa suke aiki lafiya da hunturu, su gaza da bazara. Idan an kawo shi gida a bar shi tsaye awa huɗu kafin a kunna. In a kwance aka ɗauko shi a Keke Napep, sai washegari, man injin ya koma mazauninsa.

Tsakanin firji da firiza, ɗaya ya ishi sabbin aure. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙaramar firiza mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubewa in an ɗaga murfi. Aibinta ɗaya: saman murfin kan koma wurin ajiye kaya. Babban murhu mai obin kuma, in amarya ba mai gasa kek ba ce, obin ɗin zai zama ma'ajiyar tukwane. Na kan teburi mai kai biyu ko uku ya wadatar, ƙasansa ya zama kabad. Na'urar ɗumama abinci a ɗage sayenta sai sun ga yadda wutar shiyyarsu take.

*Wani magidanci daga Arkilla: "Tukunyar gas mai kilo 12.5 ta tare mana hanya. In sa kafinta ya rufe ta cikin kabad ƙarƙashin murhu?"*

Malam, in da hali a fitar da ita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya bi taga, kwanciya yake yi a ƙasa, kabad rufaffe kuwa tara shi zai yi har a ƙyasta ashana. A huda bango daidai tiyo, tukunyar ta zauna waje a tsaye cikin kejin ƙarfe mai rufi, a ɓangaren da rana ba ta duka. In gidan haya ne ba a yarda da huda ba, kabad ɗin ya zama mai raga a ƙofa da buɗaɗɗen ƙasa, ba soket ko waya a ciki, tiyon kuma kada ya bi ta bayan murhu inda zafi zai busar da shi.

A ɗaure bakin tiyo biyu da maɗaurin ƙarfe, ba da roba ko igiya ba. Duk lokacin da aka sake ɗuro gas, a shafa ruwan sabulu a kan regileta da mahaɗai. Kumfa mai tasowa alamar yoyo ce. Tiyon da ya fara tauri ko tsattsagewa a canza shi nan take, zafin nan na saurin cin roba. In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa.

*Wata amarya daga Runjin Sambo: "Soket ɗaya ne a kicin ɗina. Estenshan zai ɗauki butar lantarki, bilenda da abin ɗumama abinci?"*

Amarya, bilenda kaɗai zai ɗauka cikin kwanciyar hankali. Soket mai amfiya 13 a wutarmu ta bolt 230 iyakarsa kusan wat 3,000. Buta na jan kamar 2,000, abin ɗumama abinci kamar 1,200, kin ga su biyu sun riga sun wuce, estenshan mai arha kuwa siririyar wayarsa tun kafin nan take narkewa. Ki kira mai gyaran wuta ya ƙara soket biyu da waya mai kaurin da masu gyaran wuta ke kira 2.5, a saman kanta, nesa da famfo da murhu. Firji ya samu nasa shi kaɗai, da sitabilaiza mai jinkirin minti uku, don kada injin ya tashi nan take in an ɗauke wuta an dawo da ita. Abin ɗumama abinci a yi masa kanta a bango daidai ƙirji, da tazarar tafin hannu a gefen da ramukan iskarsa suke. Ƙaramin janareto kuwa ba zai ja buta ba; ranar da babu wuta a dafa ruwan a gas.