Koyar da Turanci ta Hanyar Darasin Ƙwayar Halitta

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci ga ɗaliban da suka yi nisa a harshen, kuma sun fara gundura da labaran da muke karantawa. An ba ni shawara in gwada darasi a kan ƙwayar halitta, alhali ni ba malamar kimiyya ba ce. Anya ba ɓata musu lokaci zan yi ba?

Amsa: Malama, ba ɓata lokaci ba ne, muddin ba ki manta cewa harshe kike koyarwa ba.

Ki fara da kalmar cell kanta, wato ƙwayar halitta da Turanci. A 1665 Robert Hooke, masani ɗan Ingila, ya duba siririn yankin ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya ga ƙananan ramuka jere reras, sai ya ara musu suna daga cella, wato ƙaramin ɗaki a Latin. Da wannan kalmar dai ake kiran ɗakin kurkuku har yau, kuma ɗalibai ba sa manta wannan.

Saiwoyin Girkanci ma akwai riba: phago na nufin ci, cyte ƙwaya, ka ga phagocyte ta fassara kanta. Ki nuna musu jam'i irin su nucleus da nuclei, amma kada ki daɗe a nan. Haddar sunaye ita ce mafi ƙarancin amfani.

Inda ake cin moriya shi ne ginin jimla. Idan da hali, ki sa su ɓare siririyar fatar albasa, su ɗiga mata aidin, su leƙa ta madubi, sannan kowa ya rubuta abin da ya yi. Yawancinsu za su rubuta I stained the sample. Nan za ki nuna musu cewa rahoton kimiyya yakan ɓoye mai aikin ya ce the sample was stained, kamar yadda mukan ce "an rina". Daga nan sai mayar da aikatau suna: the cell divides ta koma cell division. Abin da ya fi ba su wuya, a ganina, shi ne sassauta magana. Ɗalibi ya leƙa sau ɗaya ya rubuta this proves, alhali masani zai ce this suggests, ko ya sa may. Wanda ya iya wannan bambancin, rubutunsa ya fara kama da na jami'a.

Jerin kalmomin ilimi 570 da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000 zai taimake ki, domin process, structure da function duk suna ciki, kuma za ki same su a kusan kowane shafi na darasin.

In wani ya jefo tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ba shi mako guda ya bincika, ya dawo ya yi wa aji bayani na minti biyar. Makinsa kuwa a kan Turancin za ki ba shi.