Rigar mama da kula da tabo bayan tiyatar ƙara girman nono

'Yar'uwa, kin ce yau mako biyu da yi miki aikin, rigar da aka ba ki ta dame ki har kina son komawa ta da, kuma kina tsoron tabon ya yi tudu. Ki daure, kada ki cire ta tukuna. Abin da ya fi faɗaɗa tabo shi ne jan da fata ke yi a bakin ɗinki. In a ƙarƙashin nono aka yi yankan, nauyin jakar silikon da aka sa miki a ciki yana sauka ne daidai kansa, rigar nan ce ke ɗauke masa wannan nauyi.

Yawancin likitoci kan ce a sa ta dare da rana na mako 4 zuwa 6, a cire lokacin wanka kaɗai. Ta zama mai maɓalli ko zif a gaba, don kada ki riƙa ɗaga hannu ko murɗa shi baya, mai faɗin madauri, marar ƙarfe. Ƙarfen rigar mama yana zama ne a kan ɗinkin, ya yi ta gugarsa, alhali wurin bai dawo da ji sosai ba, sai ya ci fata ba ki sani ba. Matsewa kuma tana da iyaka: yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashin madaurin ƙasa. In tana barin shati mai zurfi ko tana tauye numfashi, ta yi kaɗan, a canza. Ki samu guda biyu saboda wanki, domin gumi a kan ɗinki ba alheri ba ne.

Idan an ba ki ɗamarar da ake ɗaurawa a saman ƙirji, aikinta danna jakar ta sauko, musamman in a ƙarƙashin tsoka aka sa ta. Ba kowa ake ba wa ba, kada ki saya don kin ga wata da ita. Ki kwanta rigingine da matasai a bayanki, ban da ɗaga kaya mai nauyi, har da ɗaukar yaro.

Shi kuwa tabo, babban kuskure shi ne gaggawa. Muddin akwai ɓawo ko ɗigon ruwa, kada ki shafa komai, ki bar siraran filastan likita su faɗi da kansu. Sai ciwon ya rufe ruf, galibi mako 2 zuwa 4, kuma likita ya amince, sannan a fara sa silikon na maganin tabo, na mannawa ko na shafawa. Na mannawa yana son awa 12 zuwa 24 a rana, na wata 2 zuwa 3 aƙalla. A wanke shi kullum, fata ta bushe kafin a mayar. In ƙuraje sun fito, a huta kwana biyu. Man bitamin E da ake yawan yabo bai nuna wani amfani ba, wasu ma ƙaiƙayi yake jawo musu. Man sauya launin fata kuwa sirantar da fata yake yi. Sigari da duk abin da ke da nikotin suna rage jinin da ke isa ciwon.

Kada ki firgita in tabon ya yi duhu ya taurara a wata na 2 ko na 3, haka yake yi kafin ya lafa, kuma sai ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a ga kamanninsa na gaskiya. Amma in ya fara ƙetare iyakar yankan yana ƙaiƙayi, kiloyid ne, wanda ya fi kama masu duhun fata. Ki koma da wuri, allurar sitiroyid cikin tabon ta fi aiki tun yana ƙarami.

Nono ɗaya ya kumbura farat ɗaya, zazzaɓi ya haura digiri 38, mugunya, ko ɗinki ya buɗe: waɗannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, a ranar za ki je.